Allon Manyan Filato

Dakoro, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Uwar Hamdiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kin tashi lafiya, idon da aka yi wa aiki kuma yana ƙara washewa. Yaya Hamdiya da maigidanta da yaran? Yaya zaman Maradi? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Jar akuyarki ta haifi biyu, kuma tun ranar take kallona kamar ni na kore ki daga gidan.

Na rubuta da manyan baƙaƙe don ɗayan idon ya iya ɗauka. Na san Hamdiya za ta ce me ya hana in kira ta talho. Ki gaya mata ni na koya maki karatu a ajin manya shekara arba'in da suka wuce, ta bar ni in ci moriyar wahalata. Ban da haka, talhonta a tsakiyar ɗaki ake ajiye shi, kowa na ji har mai aiki.

To, ga abin da ya taso bayan tafiyarki. Kin san tun da aka yanka filayen da ke kewaye da mu, masu hali suka zo suka saka gidanmu na ƙasa a tsakiyar benaye, sun daina ce wa wurin nan Bakin Rijiya. Filato suke cewa, don sun ji akwai mai wannan suna a Yamai. Yanzu kuma sun gina ginshiƙai biyu a bakin hanya, suna son a kafa babban allon ƙarfe a tsakani, a rubuta sunayen manyan mutanen da suka zauna unguwar, na da da na yanzu. Alhaji Sa'adu mai manyan motoci, shi ne shugaban komitin unguwa, ya zo har gida. Na shimfiɗa mashi tabarma, ya daɗe yana dubanta kafin ya tuna yadda ake zama. Ya ce ni ne tsoho a nan, ni ne kuma mushe, malamin da ya koyar da rabin garin a lakwal, don haka ni zan tattara sunayen. Na yarda, kuma tun ranar ban sake cin tuwona da zafi ba.

Kowa babba ne a Filato, Uwar Hamdiya, ban sani ba sai yanzu. Tsohon dipite Sharfaddeen, wanda ya taɓa zama ɗan majalisa, ya aiko da takarda shafi uku, ya lissafa ayyukan da ya yi wa ƙasa, har da wata gada da na bi wurin bara na iske mutane na naɗe wando. Kolonel ɗin duwan, wato kwastan, mai gidan nan da ke da fitilu a kan katanga, yana son a rubuta lambobin girmansa duka. Iyalin Zakiru ɗan kokowa sun kawo hotonsa yana ɗaga hannu, ba su kawo na wanda ya kayar da shi washegari ba. Shi dai Zakiru, Allah ya jiƙansa, ya zauna nan da gaske, ya sha ruwanmu, ya ɗauki gawa tare da mu. Akwai wata likita da ke ƙasar waje, an ce gwana ce ƙwarai, amma gidanta na nan tantabaru ne kawai suka taɓa kwana ciki. Akwai wani perfe na da can, wato shugaban yanki, da ya yi haya wata bakwai. Na tambaya ko wanda motarsa ta taɓa lalacewa a bakin hanya shi ma ya shiga, ba wanda ya yi dariya.

Duk wannan ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. A kan takardata, sunan da na fara sawa na Baba ne, mahaifinki. Ki yi haƙuri, shekara arba'in da biyar ban taɓa kama sunan surukina da bakina ba, yau dai ga shi na rubuta: Alhusaini. Shi ya fara sauka a tudun nan da raƙumansa lokacin da ba kowa sai ƙaya da dila. Shi ya gina rijiyar, zurfin gaba arba'in, rani biyu yana shiga yana fita. Da ba rijiyar, da ba wanda ya kafa bukka a nan, balle bene. Na yi maki alkawari, kafin ki dawo da idanunki biyu, sunansa na kan allon nan.

Ki riƙa ɗiga maganin a kan lokaci. Ki gaishe da mutan gida duka.

Naki,
Abdulmumini


Dakoro, 19 ga Oktoba

Uwar Hamdiya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Harouna direba ya ce ya gan ki zaune a ƙofar gida kina tsince wake, na ji daɗi ƙwarai. Ni ma lafiya, in ban da ƙafar nan, da kuma komiti.

An yi taro ran Asabar a gidan Alhaji Sa'adu, cikin ɗakin nan mai sanyi da ke sa ni tari. Na karanta sunaye ashirin da biyu. Da na fara da na Baba sai kowa ya shiga duban na kusa da shi. Sharfaddeen ya tambaya wane muƙami ya riƙe. Na ce guga da igiya. Kolonel ya tambaya ko yana da dipilom, ko takardar naɗi, ko lambar girma, ko dai hoto. Na ce mutumin da ya rasu bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, takardar haihuwa ma ba ya da ita, amma ga rijiya can a bayan masallaci, wanda ke shakka ya je ya leƙa. Sai aka ce mani doka ce komiti ya kafa, kuma tun kafin in shigo aka kafa ta: ba sunan da zai hau allo sai da shaida a rubuce, don kada gobe kowa ya kawo kakansa.

Na yi magana, ke ma kin san ni. Na ba su labarin shekarar da ruwa ya ƙafe ko'ina, mutane na tahowa tun daga Adjekoria da jakuna, Baba bai hana kowa ba. Na tuna wa Alhaji Sa'adu cewa mahaifinsa da kansa ya sha zuwa nan da tulu biyu a kan jaki. Wannan ne kuskurena. Fuskarsa ta canza, ya ce ai zancen da ya wuce ya wuce, yanzu kowane gida da famfonsa. Aka ɗaga hannu. Ni kaɗai na ɗaga wa Baba, sai ƙanen Zakiru da ya ɗaga rabi, ya ga ba kowa, ya mai da hannun yana sosa kunne.

An bar perfen wata bakwai. An bar likitar tantabaru. Har an ce za a sa ni a lamba ta ashirin da biyu, a cike gurbin Baba, wai don in huce. Na ce su bar wurin haka nan.

Abin da ya ƙara ƙona mani rai shi ne na Hajiya Fadimata, mai kantin kayan ɗaki. Ta ce a ƙasashen da take zuwa saro kaya, kowace unguwar manya tana da tambarinta, mu ma sai mun yi. Wai ta zaga neman abin gargajiya, ta je bakin rijiyar da suka ƙi mai ita, ta ga wani zane a jikin simintin bakin, ta ɗauki hotonsa da talho. Kin san shi, yana gefen gabas inda ake ɗora guga: da'ira, da sanda a tsaye ƙarƙashinta, da ɗigo biyu a dama. Ni tun da nake ganinsa na ɗauka magini ne ya yi wasa da tsinke kafin siminti ya bushe. Ita kuwa ta ce zanen mutanen da ne, da'irar rana ce, sandar ci gaba, ɗigon biyu kuma haɗin kai. Aka tafa mata. Yanzu maƙerin ƙofofi na can yana lanƙwasa ƙarfe, za a sa shi a saman allon, da girma, kuma kowane mai gida ya ce a manna mashi ɗaya a ƙofarsa don kada maƙwabci ya riga shi.

Kin ji. Wasan magini ya samu wuri a sama, mutumin da ya gina rijiyar bai samu ko a ƙasa ba. Na kasa cika maki alkawari, Haula, kuma ban san da wace fuska zan tarbe ki a tasha ba. Ina tunanin in kai kuka meri, wurin magajin gari, ko in rubuta wa sarki. Ki faɗa mani abin da kika gani.

Naki,
Abdulmumini


Dakoro, 25 ga Oktoba

Uwar Hamdiya,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Takardarki ta iso jiya da hantsi. Layi shida ce, na karanta ta ya fi sau goma, kuma ban ji daɗin layi na biyu ba, inda kika ce mushe guda ya yi shekara arba'in da biyar yana wuce rubutu bai karanta ba.

Na yi yadda kika ce. Na jawo adakarki ta ƙarƙashin gado, na ɗaga zannuwan, na iske shi a ƙasa naɗe cikin tsohuwar fata. Ƙarfe mai dogon mariƙi, bakinsa baƙi ƙirin da tsohuwar wuta: da'ira, sanda, ɗigo biyu a dama. Na zauna a bakin gado na daɗe riƙe da shi.

Ki yi mani adalci dai. Lokacin da na aure ki, fari ya riga ya cinye raƙuman Baba, ko ɗaya ban gani ba balle in ga shaidar da ke cinyarsu. Ni ɗan manoma ne, a gidanmu kunnen akuya ake tsagawa. Wa ya taɓa gaya mani cewa ranar da aka zuba wa rijiyar siminti, Baba ya ɗauko ƙarfen da yake sa wa raƙumansa ya danna a jiki? Ke kin sani kika yi shiru, don ban tambaya ba. Na karɓi wannan.

Abin da ban karɓa ba shi ne layi na biyar. Kin ce kada in kai ƙarfen gaban komiti, kada in je meri, kada in ce wa kowa komai, mahaifinki bai taɓa roƙon wuri ba yana raye, ba za a roƙa mashi yana kabari ba. Kin ce in bari su kafa allonsu, in tambaya kawai wace rana za a buɗe. Na tambaya. Ranar kasuwa suka zaɓa, wai don jama'a su gani.

Kin san abin da kika ɗora mani kuwa? Kullum da safe in na fito, ga shaidar Baba a ƙofar kolonel, an shafa mata ruwan zinariya. Ga ta a ƙofar Sharfaddeen. Alhaji Sa'adu ya sa an zana ta har a bayan motocinsa. Jiya da yamma Hajiya Fadimata ta tsayar da ni a hanya tana yi mani bayanin rana da ci gaba, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ɗan aji ɗaya. Mutumin da aka sani da magana tun yana yaro, kin ɗaure mashi baki mako biyu. Allah ya ba ki lafiya, amma wannan ba ƙaramin zalunci ba ne.

Na mai da ƙarfen inda yake. Zannuwan ban iya ninke su yadda kika yi ba, kada ki yi faɗa.

Naki, mai biyayya ba da son ransa ba,
Abdulmumini


Dakoro, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga Uwar Hamdiya,

Bayan gaisuwa da addu'a. Hamdiya ta aiko cewa an yi aikin ido na biyu lafiya, har kin ce mata ba ki san labulenta ya tsufa haka ba. Alhamdu lillahi. Ki zauna ki karanta wannan a hankali, doguwa ce, na daɗe ina tara ta.

An buɗe allon ranar kasuwa da hantsi. An kafa rumfa, an jera kujeru, an kawo makaɗa, wakilin perfe ya zo. An rufe allon da farin yadi. Sharfaddeen ya yi jawabin da ya fi duk wanda aka ce ya yi a majalisa tsawo. Ni ina can kujerar baya, bakina a rufe kamar yadda aka umarce ni.

Kin san hanyar nan ita ce makiyayan arewa ke bi zuwa kasuwar dabbobi, kuma yanzu an gama girbi, sun gangaro da yawa. Rumfar ta tare rabin hanya, dole suka tsaya da raƙumansu suna jira. Ana janye yadin, aka yi tafi, sai na ga wani tsoho a kan raƙumi ya ɗaga rawaninsa daga ido yana duban saman allon. Ya durƙusar da raƙumin, ya sauko, ya ratsa tsakanin kujeru bai nemi izinin kowa ba. Mohamed ne, na wajen Bader Goula, wanda kika ce sun yi kiwo da yayanki suna yara. Ya tsaya gaban allon, ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a da sunansa, da ƙarfi, sauran makiyayan suka amsa daga kan raƙuma.

Wakilin perfe ya tambaya wane ne Alhusaini. Alhaji Sa'adu ya ce ba ya cikin lissafi. Mohamed bai iya boko ba, ya nuna jerin rubutun da ke ƙasa ya tambayi na kusa da shi mene ne wannan. Aka ce mashi sunayen manyan unguwa ne, ashirin da ɗaya. Ya jinjina kai, ya ce da Hausarsa ta mutanen daji, ba da wasa ba, don shi iyakar gaskiyarsa ke nan:

"Ashe Alhusaini ya bar dukiya. Mu mun ɗauka fari ya cinye mashi duka."

Uwar Hamdiya, na yi shekara saba'in da huɗu a duniya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Sai wani daga cikin makaɗa ya kasa riƙe dariya. Daga nan kuma ba wanda ya iya tsayar da abin. Mohamed ya juya yana mamakin me ake wa dariya, ya shiga yi wa wakilin perfe bayani a natse, cewa a wurinsu duk abin da ke ɗauke da shaidar mutum nasa ne, ko ya ɓata shekara goma, ko an same shi a wata ƙasa, a haka ake mai da shi. Yana magana yana nuna ƙofofin gidaje ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan motar Alhaji Sa'adu da ke ajiye a gefe.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa. Kafin kwana uku, in ɗan Filato ya shiga gari sai a tambaye shi ko an shayar da su yau. Mahauta na ce wa kolonel ya yi hankali da su. Masu kabu-kabu sun daina cewa Filato, in ka hau sai su ce garken Alhusaini za a kai ka? Hajiya Fadimata ta yi kwana biyar ba ta buɗe kanti ba. Na tausaya mata, don ita kaɗai ce a cikinsu ta taka har bakin rijiyar ta duba.

Ran Laraba komiti ya zo gidanmu, su huɗu, kuma wannan karon ba wanda ya tsaya duban tabarma. Da farko Sharfaddeen ya ce ai maganar makiyayi ɗaya ba hujja ba ce, doka na nan, sai da shaida. A nan ne na saɓa maki, ki yafe mani. Kin ce kada in kai ƙarfen gabansu, ba ki ce kada in fito da shi in sun zo da ƙafarsu ba. Na shiga na ɗauko, na ce su biyo ni. Muka je bakin rijiya da rana tsaka, na ɗora bakin ƙarfen a kan zanen, ya zauna daram, har ɗigon biyu. Na ce ga takardarsa, da hannunsa ya sa.

Suka koma gefe suna shawara, ina jin su. A kankare shaidar? Tana kan ƙofa goma sha tara da mota takwas, kuma duk garin ya riga ya gani, kankarewar ma wani abin dariya ne. Sai Alhaji Sa'adu ya dawo ya ce to, a sa sunan a lamba ta ashirin da biyu, wurin da na bari. Na ce mashi ni ban san kiwo ba, amma ko a kasuwa ban taɓa ganin mai raƙuma ya shiga layi a bayan raƙumansa ba. Kolonel ya yi tari. Ƙanen Zakiru ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Jiya mai rubutu ya zo da tsani. A saman allon, daidai ƙarƙashin shaidar, sama da dipite, sama da kolonel, sama da perfen wata bakwai, ya rubuta: Alhusaini, wanda ya gina rijiya, farkon mazaunin wannan wuri. Na tsaya a ƙasa ina faɗa mashi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, don ban yarda da rubutun yaran yanzu ba.

Kada ki ɗauka na huta. Yau da safe na kunna radiyon gari, sai ga muryar Alhaji Sa'adu yana cewa tun farko komiti ya zaɓi wannan tambari ne da gangan don girmama wanda ya kafa unguwa, kuma mahaifinsa aminin marigayin ne, kullum yana zuwa wurinsa. Bai ambaci jaki da tulu biyu ba. Sharfaddeen kuma na neman a ce shi ya kawo shawarar. Na kashe radiyon, na fita na ba akuyarki dusa, na gaya mata duk abin da ke raina.

Harouna ya ce zai ajiye maki kujerar gaba ran Litinin. Na roƙe shi kada ya kai ki tasha, ya sauke ki a bakin ginshiƙan, zan jira ki a nan da kujera. Ba zan karanta maki ba. Ni na koya maki baƙaƙen, likita ya gyara maki idanun, sauran aikin naki ne. In kin gama, sai ki karanta mani da ƙarfi, don kin san ni har yanzu bakina bai saba da kama sunan ba.

Ki gaishe da Hamdiya da maigidanta, ki shafa mani kan yaran. Allah ya kawo ki lafiya.

Naki har kullum,
Abdulmumini